Yadda Gwaggo Ta Sake Waƙa a Manchester

Ma'aikacin filin jirgin Manchester bai kula kuka da daddawar da Umma ta cusa mini a akwati ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne wani faifan tef mai faɗin faranti, cikin gidansa na roba, naɗe da tsohon ɗankwali. Ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya tambaye ni ko fim ne. Na ce masa waƙa ce. Ya dube ni, ya dubi faifan, ya ce in wuce. Gaskiya na faɗa masa, sai dai a lokacin ni kaina ban taɓa jin waƙar ba.

Karatun digiri na uku na zo yi a fannin ruwan sha na birane. Na baro 'yata Nana, ba ta daɗe da yaye ba, a hannun Umma a Kano, saboda tallafin karatun ba zai riƙe mutum biyu ba, maigidana kuma aiki ya kai shi Fatakwal. Faifan kuwa na Baba ne, kuma sai na ɗan koma baya kafin a gane abin da zai sa mace da hankalinta ta tsallaka teku da shi.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a wata cibiyar kwamfuta a Kaduna, zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki, a sa mata na'urar sanyi, ma'aikata kuwa su sha zafinsu a ofis. Wani kamfanin Ingila ne ya ƙera ta, a nan Manchester. Ma'aikatan suka sa mata suna Gwaggo saboda mita. Akwai wata 'yar lasifika a teburin mai kula da ita, tana gunaguni muddin injin na aiki, in ta yi shiru an san wani abu ya lalace. Baba ya lura cewa idan ya sa injin ya riƙa maimaita umarni da sauri gunagunin kan yi sama, idan ya rage sauri ya yi ƙasa. Sai ya shiga amfani da hutun azahar yana koya wa Gwaggo waƙar renon da mahaifiyarsa ke yi masa. Mahaifiyar tasa ta rasu yana makarantar kwana, ko jana'izarta bai samu ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Innata.

Daga baya aka sayo sabuwar kwamfuta daga wani kamfanin Amurka, abokin hamayyar na farko. Tun muna yara Baba ya sha yi mana bayanin abin da ya biyo baya, kuma da gyaɗa yake yi. Ya ƙirga ƙwaya ashirin da huɗu ya zube a tabarma, ya ce wannan ita ce kalma ɗaya a bakin Gwaggo. Sai ya kasa su kashi huɗu, shida-shida, ya ce kowane kashi harafi ne. Ya sake haɗe su, ya kasa uku, takwas-takwas, ya ce haka baƙuwar Amurka ke ganinsu. "Gyaɗar ba ta canja ba," in ji shi, "amma wanda ya saba da takwas, in ka ba shi shida-shida, shirme zai karanto maka." Mu dai jira muke ya gama mu cinye gyaɗar. Ba ƙirgar kaɗai ba, hatta umarnin da kowace ke ji daban ne, Baba kuma ya rantse da gangan kamfanonin suka yi haka don wanda ya sayi nasu kada ya samu hanyar gudu. Lissafin albashi da sauran ayyukan ofis duk sai da aka sake rubuta su daga tushe. Waƙar Inna babu wanda zai ba da lokacin sake rubuta ta, baƙuwar ma ba ta da lasifikar. Baba ya kwafe ta a tef ana gobe za a kwance Gwaggo a sayar wa 'yan gwangwan.

Za a ce me ya hana shi rera mana da bakinsa. Ai Baba ne. Mutumin da ko dariya zai yi sai ya rufe baki, shi ne zai zauna ya yi waƙar mata? Abin da muka sani shi ne wani ɗan sauti da yakan yi ta hanci in yana goge takalmi, da ka shigo ya yi gum. Muna ganin akwai lokaci. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo ya ɗauke masa hannun dama da magana, ya bar masa "to" da "Allah". Da tafiyata ta tabbata, ya yi ta nuna saman kabad da hannun hagu har Umma ta sauko da akwatin da faifan ke ciki. Likita ya riga ya gaya mana ciwon kan dawo, kuma ba ya sallama in zai dawo. Ban buƙaci a fassara mini abin da Baba yake so ba.

Zangona na farko unguwar Hulme ce, ɗaki ɗaya a hawa na uku, bangonsa na tsattsafo da danshi, tagarsa na kallon wurin ajiye shara. Mai gidan ya turo mini hotuna tun ina Kano, sai da na iso na gane daga wane lungu ya ɗauke su. Rana a garin nan kamar mai kunyar surukai take, ta leƙo ta koma. Sanyin na iya masa da riguna. Abin da ya gagare ni shi ne rashin ƙamshi. Gidanmu tun daga zaure za ka san Umma na ciki, saboda turaren wutar da take haɗawa da hannunta. Duk sallah sai ta fito da kayan akwatuna ta turara su, har da faifan Baba, don a ganinta abin da maigida ke ji da shi bai kamata ya yi warin ajiya ba. Shekara da shekaru hayaƙin ya kama ɗankwalin da robar. In na dawo daga makaranta a jiƙe, nakan buɗe ƙullin in cusa fuskata ciki, in daɗe a haka kafin in cire takalmi.

Kullum da la'asar muke waya ta bidiyo. Da farko Nana kuka take in ta gan ni, tana miƙo hannu tana dukan gilashin wayar. Wannan ya yi mini ciwo. Daga baya ta daina kukan, ta dube ni ta ce "sannu" kamar ta ga baƙuwa, ta zame ta tafi wasanta. Wannan kuwa ya fi na farko ciwo nesa ba kusa ba. In aka juya wayar wajen Baba sai ya ɗaga gira. In ce, "Ana kan nema, Baba." Ya ce, "To."

Na kai faifan sashen kwamfuta na jami'armu. Matasan malaman suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, suka yi mini kirki, har shayi suka ba ni. Amma na'urar da za ta karanta shi, sun ce an kwashe irinta tun kafin a haifi wasunsu.

Anti Zulai ce ta kira ni zuwa zango na biyu. Ƙanwar Umma ce, tana Edgbaston a Birmingham, mijinta likita ne a babban asibitin da ke wurin.

"Ke Hafsatu, kin zauna a wannan flat ɗin kina ta ramewa," ta ce a waya. "Ki hau train ki zo weekend ɗin nan. Na samo miki wani shago online, data recovery suke yi, kuma reviews ɗinsu wallahi ba magana."

Na ci tuwon shinkafa da miyar taushe a gidanta har na ji kunya. Barci ya sace ni a kujerar falo, ta lulluɓe ni da bargo, ta hana kowa kunna talabijin. Washegari ta kai ni shagon masu ceto bayanan da suka maƙale a na'ura, yana tsakanin mai gyaran waya da mai soya kaza. Mai shagon matashi ne mai fara'a, irin wanda zai kira ka abokinsa kafin ya ji sunanka. Na yi masa bayanin gyaɗar Baba, na ce injin Ingila ne ya rubuta tef ɗin, shida-shida yake ƙirga. Ya yi dariya.

"Madam, kwamfuta duk yarensu ɗaya ne, sifili da ɗaya. Injina na karanta kowane irin tef."

Na sha jinin jikina. Amma na gaji da ce wa Baba ana kan nema, don haka na biya, na bar masa faifan, na riƙe ɗankwalin.

Ranar da muka koma karɓa, fara'ar ta tafi hutu. Ya buɗe mini abin da ya samo a allon kwamfutarsa, tarkacen alamomi ne babu kai babu gindi, shirmen nan dai da Baba ya faɗa. Ya turo mini faifan. A cikin gidan robar akwai wani gari-gari mai ruwan ƙasa, na shafa ya kama mini yatsa. Na tambaye shi mene ne wannan.

"Tef ɗin dama matacce ne," ya ce. "Man da kuke shafa masa ne ya kashe shi. Tun daga ƙofa ake jin warinsa."

Anti Zulai ta wanke shi tas da wani Turancin da ban san tana da shi ba, ta ce sai ta kai ƙararsa council, wato hukumar garin. Ya ɗaga kafaɗa ya juya ga mai bi mana a layi. A jirgin ƙasa na komawa Manchester na jingina goshi da taga, filayen nan kore shar suna wucewa da tumakinsu, ni kuwa garin da ke yatsana nake kallo. Na san a cikinsa akwai wani yanki na waƙar Inna, kuma babu mai iya mayar da shi.

Na gaya wa Umma duk yadda aka yi, har da maganar man, kuma da na sani da na haɗiye wannan. 

"Ashe ni na kashe masa ita," ta ce. "Shekara nawa ina turara ta, ina ganin gyara nake yi."

Ta roƙe ni kada in gaya wa Baba. Daga ranar na lura kaskon da kullum ke hayaƙi a bayanta in muna waya ya ɓace. 

Danshin Hulme ya kai ni gaban likita da tari, ta ce in tashi daga ɗakin. Haka na koma unguwar Moss Side, zangona na uku, gidan wata tsohuwa 'yar asalin Jamaika mai suna Misis Pearl, wadda ta zo ƙasar tun tana budurwa kuma mijinta ya riga ta gidan gaskiya. Faɗa gare ta kamar me, amma da ta ji ba na cin naman alade sai ta je ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan tawa ce. Wata Asabar ta shigo ɗakina da wankakken zanen gado, ta ga faifan a kan tebur, ta tsaya cak.

"Yarinya, ina kika samo wannan?"

Na ba ta labari. Ta ajiye zanen, ta zauna a bakin gado, ta miƙo mini yatsunta da suka lanƙwashe.

"Kin ga waɗannan? Shekaru suka yi suna huda kati a masana'antar da ta ƙera injin babanki. Da kati mai huji ake ba injin umarni a lokacin. Gobe in na taso daga coci ki zama a shirye, bas za mu hau. Dennis bai mutu ba tukuna, sai dai in yau."

Mista Dennis tsohon injiniya ne na masana'antar, dogo, siriri, da na'urar ji a kunne ɗaya. A bayan gidansa da ke gefen gari akwai gareji cike da ƙarafan da matarsa ta haramta wa shiga gida. Bai yi mini romon baka ba. Ya wanke hannu, ya warware ɗan tsawon tef ɗin a hankali, ya ɗiga masa wani ruwa da ke fito da sawun rubutun, ya duba da gilashin ƙara girma yana ƙirgawa da leɓe.

"Bakwai," ya ce.

Ya yi mini bayani cewa layuka bakwai ne suka bi tsawon tef ɗin, shida na harafi, ɗaya na tabbatar da babu kuskure. Tef ɗin da injin Amurka ya yaɗa a duniya kuwa layi tara ne, takwas da ɗaya. Injin mai shago mai tara ne, ke nan kowane idonsa ya faɗa tsakanin layi biyu, yana tsintar rabin wannan da rabin wancan. Ya fara kame-kamen yadda zai fahimtar da ni maganar shida da takwas. Na jawo kwalin sukarin shayinsa, na ƙirga ƙwaya ashirin da huɗu a kan benci, na kasa huɗu, na haɗe, na kasa uku. Ya cire tabarau.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wanda ya rubuta tef ɗin."

"To ina son in gaisa da mutumin nan."

Sannan na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun Birmingham, ko turaren Umma ne ya kashe tef ɗin. Ya shinshina faifan, ya ce hayaƙin a jikin roba ya tsaya, bai ratsa naɗin tef ɗin ba. Ciwon da ke damun tef ɗin tsufa ne: gam ɗin da ke riƙe rubutun kan sha danshin iska ya yi danƙo, kuma duk tef na zamanin haka yake yi ko a ina aka ajiye shi. Maganinsa a ɗumama shi da ɗan zafi kaɗan na kwanaki kafin a ɗora shi a inji. Mai shago ɗanye ya ɗora shi, shi ya sa injin ya kankare farkonsa.

"Ki gaya wa mahaifiyarki," ya ce, "wanda ya ajiye tef shekaru haka a ƙasa mai zafi ya kawo mini shi a wannan hali, ya iya ajiya."

Ban jira ya rufe baki ba na fita cikin yayyafi na kira Umma. Ta sa na maimaita mata sau biyu. Ta yi hamdala, ta yi kuka, sannan ta share hanci ta tambaye ni ko Baturen yana da mata, don ta aiko mata da turare.

A na'urar da matarsa ke busar da tuffa Mista Dennis ya ɗumama faifan. Ranar da ya ce mu dawo, ni na fara tura ƙofar garejin. Zafin ya tayar da turaren da robar ta sha shekara da shekaru. Garejin nan mai warin baƙin mai ya koma ɗakin Umma ranar jajibirin sallah, har ina jiran in ji ta ce in ɗauke mata zannuwan daga kan kwando. Na zauna a kan wani akwatin ƙarfe na yi kukan da ban yi ba tun zuwana. Kewar gida nake ji kamar ta kashe ni, kewar Nana, kewar muryar Baba. Misis Pearl ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai tsaya ta dafa kaina har na gama.

"Sau ɗaya zai bi ta injin," Mista Dennis ya ce, "ban ɗauki alkawarin na biyu ba."

Misis Pearl ta yi addu'arta, na yi tawa. Faifan ya shiga juyawa a hankali, lambobi suka fara sauka a allo. Tsohon ya kusa manna hancinsa da gilashin, can sai ya buga benci. Lambobin biyu-biyu suke tafiya, ɗaya na tsayin murya, ɗaya na daɗewarta. Waƙar tana nan. Abin da ya tafi a garin da ya kama mini yatsa shi ne umarnin da ke kaɗa ta, da lambar da ke faɗin saurinta, da kuma farkon waƙar kanta.

Umarnin bai dame shi ba. Ya ce babu ɗakin injin da ba a yi wannan shashancin ba, su waƙoƙin Kirsimeti suke sa nasu ya yi, zai iya sake rubuta shi ido rufe. Gwaggo dai ba ta duniya, amma shi da abokansa tsofaffi suna da wata manhaja da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwaye ta, ta ji umarninta, ta ƙirga shida-shida. Sauri ne ba shi da yadda zai sani, sai wanda ya san waƙar. Farkon kuwa ya buɗe hannuwansa ya ce ya tafi ke nan.

Lahadin da ta biyo baya da la'asar na jingina wayata da kwalin sukari na kira gida. Baba na zaune a kujerarsa ta baranda, an sa masa farar hula. Umma na gefe da Nana a cinya, kuma a bayansu na hango hayaƙi na tashi daga kasko. Na ce, "Baba, ga wani abokin aikinka." Mista Dennis ya sunkuyo ya gaishe shi, ya ambaci lambar samfurin injin, ya tambaya ko ita ce tasu. Idon Baba ya buɗe. Ya ce, "To!"

Aka danna. Wani siririn sauti ya fito da gudu kamar kukan sauro, kafin ka ce me ya ƙare. Nana ta ƙyalƙyale da dariya. Baba ya haɗe rai, irin haɗewar da yakan yi in mun kawo masa lissafi ba daidai ba. Ya ɗaga hannun hagu ya shiga buga hannun kujera, a hankali, bugu ɗaya bayan ɗaya. Mista Dennis ya kafa wa hannun ido, yana gyaɗa kai tare da shi, ya canja lamba ya sake dannawa. Baba ya girgiza kai. Ya sake ragewa. Haka tsofaffin nan biyu suka yi ta yi, ɗaya a Kano babu baki, ɗaya a Manchester da rabin kunne, har sautin ya sauka ya zauna daidai kan bugun hannun Baba. Murya ce mai kauri, ta hanci, tana lilo a hankali. A take na gane ta, ita ce ta wajen goge takalmi.

Na zaci zai yi murmushi. Sai ya ɗaga hannu alamar a tsaya, ransa a ɓace. Waƙar daga tsakiya ta fara, Baba kuwa bai taɓa yarda da aiki rabi ba. Na buɗe baki zan gaya masa abin da ya sami farkon, Umma ta yi mini alama da ido in yi shiru. Baba ya rufe ido, ya buga kujera, ya sake bugawa. Sai sauti ya fito daga hancinsa, yana rawa. Sannan leɓensa ya motsa, ɓari ɗaya na jan ɗaya, kalmomi suka fito a karkace amma kowa ya ji su:

"Kwanta ɗan Inna, rana ta tafi ɗebo ruwa. In ta dawo da tulu, ni zan tashe ka."

Daidai inda ya kai ƙarshen numfashinsa ya nuna wayar da yatsa. Mista Dennis bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, amma ya danna a kan lokaci, Gwaggo ta karɓa daga inda Baba ya tsaya. Umma ta rufe baki da mayafi. Misis Pearl na ta kiran sunan Ubangiji. Ni kuwa rabona da jin Baba ya haɗa kalma biyu tun Nana na ciki.

Daga baya mijin Anti Zulai ya ce abin ba baƙo ba ne a wajen likitoci, wanda magana ta gagara yakan iya waƙa. Na ji, na gode masa. Maganar Baba dai ba ta dawo ba, har yau "to" ce da "Allah". Amma kunyar waƙar mata ta tafi. Umma ta ce kullum bayan azahar Nana kan hau cinyarsa ta ce a yi mata Gwaggo, shi ya yi farkon, sautin Gwaggo da na tura wa wayar Umma ya ƙarasa. Na tono waƙar reno a ƙasar wasu, ana yi wa 'yata ita, ni kuwa ina nan ina auna ruwan famfon Turawa.

Kwanan baya ina tsaye a tashar bas ta Moss Side, ruwa na zuba, saƙon murya ya shigo daga Umma. Ba ta yi magana a ciki ba. Bugun hannun kujera na fara ji, sai numfashin Nana kusa da wayar, sai muryar Baba. Ya canja baitin.

"Kwanta 'yar Inna, Innata ta tafi ɗebo ruwa. In ta dawo da tulu, ita za ta tashe ki."

Tun da ciwon ya same shi bai kira ni ba sai ranar. Bas ɗina ya zo ya buɗe ƙofa, direban ya jira ni, ya gaji ya tafi. Da sauran shekara guda kafin in gama karatun.